Rumbu ɗaya ne ko kowace ƙasa da nata? Bitar kantunan waƙa na intanet daga Kumasi

Ɗan'uwa a Kano ya turo adireshin waƙa ta WhatsApp, ya ce a saurara. Kai kana Aboabo ko Asawase a Kumasi, ka taɓa, manhaja ta buɗe: ga hoton mawaƙin, ga sunan waƙar, amma rubutun ya yi toka-toka, ko sau goma ka danna ba ta motsi. Kafin ka ɗago kai an yanke hukunci a majalisa, wai Ghana aka toshe wa. Sai shawarar da aka saba bayarwa ta biyo baya: a tafi Adum wurin masu gyaran waya a buɗe asusun Amurka, ko a roƙi wani da ke Bronx ko Hamburg ya aiko da katin kyauta.

Yawancin lokaci wannan kuɗin da wahalar a banza suke tafiya, musamman idan waƙar Hausa ake nema. Katangar ƙasa gaskiya ce, tana nan, amma ba a inda mutane suke zaton take ba.

Kantin waƙa na intanet ba shi ne mai kayan ba, ɗan kamasho ne. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda yake hannun mawaƙi ko kamfaninsa, da na baitoci da karin waƙar, wanda yake hannun wanda ya tsara ta. Na biyun nan ƙungiyoyin karɓar kuɗi ne suka fi kula da shi, kowace ƙasa da tata: GHAMRO a Ghana, BNDA a Nijar, SACEM a Faransa. Waƙar kuma ba ta shiga Spotify ko Apple Music kai tsaye daga wayar mawaƙi. Sai ta bi ta hannun dillali, irin su DistroKid, TuneCore, CD Baby ko ONErpm, ko kuma ta hannun manyan kamfanoni uku na duniya, Universal da Sony da Warner. A cikin bayanan da dillali yake miƙa wa kanti akwai gurbi guda da ke lissafa ƙasashen da aka yarda a sa waƙar. Wannan gurbin shi ne katangar. Rumbun da ke kan kwamfutocin kamfanin ɗaya ne, amma asusunka yana ɗauke da sunan ƙasa, kuma kafin a buɗe maka kowace waƙa sai an gwada sunan nan da jerin da ke jikinta.

Ga inda abin ya shafe mu. Mawaƙin Kano ko Kaduna ko Maraɗi da ya biya dillali da kansa, kusan kullum “duk duniya” yake bari a gurbin nan, don shi ne zaɓin da yake tarar a ajiye, kuma ba shi da dalilin hana kowa. Waɗanda ake yanka wa ƙasa-ƙasa su ne kayan manyan kamfanoni da tsofaffin faifai da aka sayar da haƙƙinsu kashi-kashi tun zamanin garmaho da kaset: wannan kamfani ya riƙe Turai, wancan ya riƙe Amurka, Afirka ta Yamma ta faɗa tsakani babu wanda ya damu ya sabunta mata takarda. Waƙoƙin fina-finan Indiya da na Larabawa, waɗanda ake so sosai a zango, sukan faɗa cikin irin wannan rami. Sabuwar waƙar Hausa kuwa da wuya.

To me ya sa take ɓacewa? Kafin a kashe ko sidi ɗaya, akwai gwaji mai sauƙi da Apple Music ya sa ya yiwu ko ba ka da asusu da su. Adireshinsu yana ɗauke da haruffan ƙasa a fili: bayan music.apple.com za ka ga gh na Ghana, ng na Najeriya, ne na Nijar, us na Amurka. Ka kwafi adireshin da aka turo maka, ka liƙa shi a burauza, ba a cikin manhajar ba, ka goge ng ka rubuta gh. Idan ta buɗe a ng ta ƙi a gh, lallai katangar ƙasa ce. Idan ta ƙi a duka, har da us, an cire ta ne gaba ɗaya, asusun Amurka ba zai dawo da ita ba. Idan ta buɗe a duka biyun, matsalar tana wayarka ko asusunka: wataƙila biyan wata ya ƙare, ko an kunna makullin da ke ɓoye waƙoƙin da aka yi wa alamar batsa, ko kuma asusun ba na Ghana ba ne tun farko. Wannan na ƙarshe ya yi yawa a Kumasi, saboda iPhone ɗin da aka saya na hannu, yaron shago ne yake buɗe wa mai saye asusu, kuma ƙasar da ta zo masa da sauƙi yake zaɓa. Adireshin Spotify ba ya nuna ƙasa, don haka wannan dabarar ba ta aiki a can. Abin da Spotify yake yi shi ne, idan kwafin da aka turo maka ba shi da izini a ƙasarka amma akwai wani kwafin waƙar da yake da shi, sai ya musanya maka ba tare da ka sani ba. Saboda haka toka-toka a Spotify yawanci na nufin bai sami ko ɗaya ba.

Akwai kuma dalilin da ba na ƙasa ba ne, ba na izini ba ne: rubutu. Wanda ya loda waƙar a Kano zai iya rubuta sunanta da ƙ da ɗ, ko ya rubuta k da d zalla, ko ya sa alamar ɗauri a gaban harafin. Na Yamai ko Damagaram zai rubuta da ƙa'idar Faransanci: ou a madadin u, tch a madadin c, dj a madadin j. Usman ya zama Ousmane, Muhammadu ya zama Mahamadou. Injin bincike na waɗannan kantunan yana gyara kuskuren Turanci da kyau, na Hausa kuwa sai a hankali. Mutum ya rubuta suna sau ɗaya, bai gani ba, ya ce an toshe. A gwada rubutu uku kafin a yanke hukunci, a kuma nemi sunan mawaƙin shi kaɗai a shiga shafinsa a duba da ido. Wani lokacin ma mawaƙi ɗaya shafi biyu ko uku gare shi, don kowane dillali da yadda aka rubuta masa sunan.

Sai batun agogo, wanda ke ruɗa matasa duk daren Juma'a. Tun Yuli 2015 Juma'a ce ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duniya, kuma yawanci ana buɗe su ne da sha biyun daren kowace ƙasa. Najeriya da Nijar suna gaban Ghana da awa ɗaya. Idan abokinka na Kaduna yana jin sabuwar waƙa kai agogonka yana sha ɗaya da kwata, ba wariya ba ce, ka jira minti arba'in da biyar. Idan kuma an ɗaure fitowar da sha biyun daren New York, sai ƙarfe huɗu ko biyar na asuba a Kumasi, gwargwadon lokacin shekara.

Yanzu kantunan kansu.

Boomplay shi ne wanda mafi yawan mutanen zango suka fara sani, ba don sun neme shi ba sai don yana zuwa a cikin Tecno da Infinix da itel. An fara shi a Najeriya a 2015, kuma yana da alaƙa da Transsion, kamfanin da ke ƙera waɗannan wayoyi. Tarihinsa ma darasi ne a kan batun da muke yi. Yarjejeniyarsa ta farko da Universal a ƙarshen 2018 ƙasashe bakwai kawai ta shafa, Ghana da Najeriya na ciki, Nijar ba ta ciki, sai a 2021 aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 47 na Afirka. Ke nan akwai shekarun da mutumin Kumasi da na Maraɗi suke riƙe da waya iri ɗaya, manhaja ɗaya, amma rumbunsu daban. Sannan a Disamba 2024 Sony ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay, mutane suka wayi gari jerin waƙoƙinsu ya yi giɓi, har da na wasu manyan mawaƙan Legas. Wannan ba toshe ƙasa ba ne, tsakanin kanti da mai kaya ne, kuma sauya ƙasa ba ya maganinsa. A wajen waƙoƙin Hausa na zamani Boomplay yana da kaya sosai, kuma tsarinsa na biyan kwana ɗaya ko mako ko wata ya dace da aljihun wanda kuɗinsa ke shigowa kullum-kullum. Rauninsa shi ne kayan waje ba su da tabbas, kuma na kyautan talla ta yi masa yawa.

Audiomack, wanda aka kafa a New York a 2012, hanyarsa daban ce: mawaƙi na iya loda waƙarsa da kansa, kyauta, babu dillali. Shi ya sa yaran zango masu rap da Hausa da Twi, da masu bege, da almajiran da ke loda karatun malamansu, suka fi yawa a can. Abin da mutum ya loda da hannunsa yawanci a buɗe yake ga kowa a ko'ina, don haka a nan ne aka fi kusa da rumbu ɗaya na gaskiya. Amma araha ba ta ado. Sauti wani garau, wani kamar daga cikin tulu, don an ciro shi daga bidiyo an sake matse shi. Kuma da yake wasu na loda abin da ba nasu ba, mai haƙƙi na iya kai ƙara a sauke shi dare ɗaya. Kada a ɗauki Audiomack a matsayin ma'ajiya.

Spotify ya iso Ghana da Najeriya da Nijar tare, a faɗaɗawar da ya sanar a Fabrairu 2021. Rumbunsa ya haura waƙa miliyan 100, kuma bambancin abin da asusun Ghana ke gani da na Najeriya kaɗan ne ƙwarai. Inda bambancin yake shi ne a shafin farko. Asusun Ghana za a tarbe shi da highlife da hiplife da asakaa na yaran Kumasi da waƙoƙin coci da Twi, waƙar Hausa ba za ta leƙo ba sai ka nema. Mutane da yawa daga nan suke cewa babu Hausa a Spotify na Ghana. Akwai, a bayan kanti take. Ka nemi mawaƙa biyar ko shida, ka bi shafinsu, ka saurare su na mako biyu, manhajar za ta fara kawo maka 'yan'uwansu da kanta. A ganinmu wajen gane ɗanɗanon mai sauraro babu kamarsa a cikinsu duka.

Ƙa'idojinsa na tafiya ya kamata 'yan kasuwa da alhazai su sani. Asusun kyauta kwana 14 kawai yake aiki a wajen ƙasar da aka yi masa rajista, daga nan sai ka sauya ƙasar a saitin asusu kana can. Wanda ya tafi aikin Hajji ko ya daɗe a Legas zai ci karo da wannan. Mai biyan wata ba shi da wannan iyaka, amma ƙasarsa tana bin katin da yake biya da shi. Waƙoƙin da aka sauke kuma sai wayar ta ga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba su kulle. Masu zuwa sarin kaya Guangzhou su sauke abin da suke so tun a gida, don Spotify ba ya aiki a babban yankin China, YouTube ma a toshe yake.

Apple ne ya fi kowa tsananta iyaka, kuma shi ne ya fi daɗewa a nan: kantin iTunes ya buɗe wa Ghana a Disamba 2012, Apple Music a 2015. Ba shi da na kyauta. Rumbunka yana bin ƙasar asusunka ne, ba inda ƙafarka take ba, don haka asusun Ghana a Dubai na Ghana ne. Katin kyautarsa a ƙasar da aka saye shi kaɗai yake aiki, wanda yaya ya aiko daga Amurka ba zai shiga asusun Ghana ba, ko a yi yaya. Sauya ƙasa kuwa aiki ne: sai ka kashe ragowar kuɗin da ke asusun har ƙarshe, ka soke duk wani biyan wata ka jira wa'adinsa ya cika, ka fita daga rukunin iyali idan kana ciki, sannan ka kawo hanyar biya da adireshi na sabuwar ƙasar. A nan ne mutane ke kuka, don soke Apple Music na iya tafiya da jerin waƙoƙin da aka shekara ana tarawa. Wanda zai yi, ya fara ɗaukar hoton jerinsa ko ya rubuta su. Abin yabonsa guda: har yanzu ana iya sayen waƙa ɗungurum a iTunes, kuma tun 2009 waƙar da aka saya ba ta da makulli. Ka sauke ta, ka kwafe a kwamfuta ko memori, ta zama taka ko an cire ta daga kanti gobe.

YouTube shi ne akasin Apple: inda kake zaune yake dubawa, ba asusunka ba. YouTube Music mai biya ya iso Najeriya a 2020, Ghana sai a ƙarshen 2023. Darajarsa gare mu ita ce tsofaffin kaya. Kiɗan kalangu da kukuma da kuntigi da aka ɗauka a gidajen rediyo shekaru hamsin da suka wuce, da waƙoƙin bukukuwan zango da suka yi yawo a kaset, galibinsu babu wanda ya taɓa miƙa su ga dillali. Ba su a rumbun Ghana, ba su a na Amurka, ba su a na kowa. Abin da ya tsira, wani mai kishi ne ya juyo daga kaset ya ɗora a YouTube, sauran kuma yana cikin kwamfutocin masu tura waƙa a memori a Kejetia da Alabar. Wannan giɓin ya fi katangar ƙasa girma nesa ba kusa ba, kuma babu asusun wata ƙasa da ke cike shi.

Batun biya. Kanti yana gane ƙasar katinka daga lambobi shida zuwa takwas na farko, waɗanda ke nuna bankin da ya bayar da shi. Shi ya sa VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, ba ya wadatarwa: yana sauya inda ake ganin kana zaune, ba ya sauya katin, kuma ya saɓa wa sharuɗɗan da ka amince da su. Katin gh-link da e-zwich na cikin gida ne, kantunan waje Visa ko Mastercard suke so, kuma sau da yawa sai ka sa banki ya buɗe maka sayayya ta intanet tukuna. Idan biya ya ƙi wucewa, nan za a fara dubawa. Tsarin iyali na mutum shida ma yana da tarko ga danginmu da suka warwatsu: Spotify yana son duka a adireshin gida ɗaya, Apple yana son asusun a ƙasa ɗaya don raba abin da aka saya. Hajiya a Sabon Zango, ɗanta a Italiya, jikarta a Abuja, ba za su zauna a tsari ɗaya lafiya ba. Masu sayar da “gurbi” a asusun iyali na wata ƙasa da araha, a yi hattara da su, ranar da aka nemi tabbatar da adireshi kuɗin ya tafi.

Abin dariya ne idan aka tuna kakanni sun yi ƙarnuka suna kai goro daga Gonja zuwa Kano a kan jakuna, kuma tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan Ghana na shiga Najeriya kwana 90 babu biza, amma asusun waƙarsa na kyauta kwana 14 aka ba shi. Turai ma ta sha wannan. A 2007 hukumar Tarayyar Turai ta tuhumi Apple da manyan kamfanonin waƙa kan tilasta wa kowa saye a kantin ƙasarsa, a Janairu 2008 Apple ya amince zai daidaita farashin Birtaniya da na sauran. Daga 1 ga Afrilu 2018 kuma doka ta ba mai biyan wata damar tafiya da rumbunsa duk inda ya je na ɗan lokaci a cikin tarayyar. Ko a can ɗin ba rumbu ɗaya aka yi ba, tafiya da naka aka halatta.

Data fa? A Spotify, waƙar minti huɗu a matakin ingancin sauti na 96 kbps tana cin kusan MB 3, a 160 kusan MB 5, a 320 kusan MB 10. Gigabait ɗaya ke nan waƙa 340 ne a ƙasa, 100 a sama. Waƙoƙinmu na gargajiya da na bege ba sa tsayawa a minti huɗu, mai minti 20 a matakin 160 MB 24 ce. A lasifikar waya ko ƙaramar sifikar shago kunne ba zai bambance 96 da 320 ba, balle abin da asalinsa kaset ne.

Idan za a zaɓa: mai Tecno da ke son sababbin waƙoƙin Hausa da na Ghana, Boomplay da Audiomack sun ishe shi. Mai son na waje da na gida a wuri ɗaya, ga katin Visa, Spotify da asusun Ghana. Mai iPhone ya duba ƙasar asusunsa yau, tun jerin bai yi tsawo ba. Asusun waje sai ga wanda gwajin gh da us ya nuna masa abin da yake nema yana can kaɗai, kuma yana da yawan da ya kai wahalar.

Ga mawaƙan zango kuma, rabin waƙoƙin da ke ɓacewa daga wajenku ne. Wasu dillalai, irin su DistroKid, kuɗin shekara suke karɓa, idan katin ya ƙi biya waƙoƙin na iya sauka daga duk kantuna sai dai an biya ƙarin kuɗin barin su dindindin. CD Baby sau ɗaya ake biya a kan kowane fitarwa. Kada a ba dillalai biyu waƙa ɗaya, rikici ne ke biyo baya. A tsayar da rubutun suna guda. A rubuta lambar ISRC, wato lambar shaidar sautin, ta kowace waƙa a littafi: haruffa da lambobi 12 ne, biyu na ƙasar da ta ba da lambar, uku na mai rajista, biyu na shekara, biyar na waƙar kanta. Idan ka ga taka ta fara da QM ko QZ maimakon GH, ba kuskure ba ne, dillalinka na Amurka ne, kuma ba ta da ruwa da ƙasashen da za a ji waƙar. Ranar da za ka sauya dillali, ka ba sabon wannan lambar da sautin nan dai da sunan nan dai, ka jira ta bayyana a kantuna ta hannunsa, sannan ka ce wa tsohon ya sauke tasa.